Gahawar neman aure a Bosniya

Daga sallar asuba muka bar gidanmu da ke Germantown, ni da maiɗakina da ɗanmu, muka nufi filin jirgi. Bosniya za mu, don nema wa yaron auren wata 'yar ajinsu. Iyayenta sun ce sai kakarta ta gan mu da ido. Ni kuwa tsorona ɗaya, kada su ga baƙar fata su ce a'a.

Daga Sarajevo muka hau bas zuwa ƙauyen, hanya duk duwatsu da kwana. Zafi ya dame ni, na buɗe taga, sai ga wata tsohuwa ta taso mini da faɗa. Ashe a wurinsu iska mai ratsawa ciwo ce. Ku kiyaye wannan! Ku kuma riƙe tsabar kuɗi, ƙananan shaguna ba ruwansu da kati. Abinci dai ba damuwa, gasasshen niƙaƙƙen nama cikin gurasa ya kusa mantar da ni tsire.

Ba a shiga gidansu hannu rabbana. Garin gahawa da sukari mai ƙwaya muka kai, muka tuɓe takalma a ƙofa, aka miƙo mana silifa. Tun a bas yaron ya gaya mini al'adar tsofaffinsu: in an kawo wa masu neman aure gahawa mai zaƙi, an ba su, in ba sukari, su kama hanya.

Kakar da kanta ta miƙo mini finjali. Na kurɓa. Wallahi ɗaci kamar maɗaci! Na kasa kallon ɗana. Na juya, sai na ga maiɗakina tana murmushi har da lumshe ido.

Kakar ta yi magana, jikar ta fassara: "Ta ce an gaya mata Baba yana da ciwon suga, shi ya sa ta dafa nasa daban. Ba ta so surukinta ya kwanta."

Na ce wa maiɗakina, "Hajiya, miƙo naki mai zaƙin." Na shanye tas, hawayen murna na zuba, ita kuma tana hararata.

Mun dawo lafiya, likita ya yi mini faɗa kan sukarin da na sha, na ce na ji. Na tafi ina tsoron za a duba fatarmu, ashe tun kafin mu sauka tsohuwar nan lafiyata take dubawa. Biki sai bayan Sallah, in sha Allah.