Jinjina ga Baba Dogo, Wanda Ya Ƙwace Mana Makullin Motar Asibiti

Shekara talatin da huɗu, da an idar da sallar asuba Malam Abdulkabir Dogo yake tura kekensa zuwa rumfarsa da ke bakin hanyar Makoda. Sai ya share wurin, ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanu daga ƙarami zuwa babba, sannan ya zauna yana sauraren motocin da ke wucewa. Sauraro fa nake nufi, da kunne. Direbobi sun shaida cewa yakan tsayar da mutum ya faɗa masa ciwon motarsa tun kafin a ɗaga bonet.

Makon jiya ya rufe rumfar, wutar walda ta ci masa ido. Ko mutum ɗaya bai je ya yi masa sannu da aiki ba. A makon nan kuma ƙungiyar ci gaban ƙauyenmu ta kafa rumfuna, ta ɗauko makaɗa, ta ba wani ɗan siyasa lambar yabo don ya ba mu tayoyi biyu na motar asibitinmu. Ni ne sakataren ƙungiyar, ni na rubuta jawabin. Raina a ɓace yake, da jama'armu da ni kaina, shi ya sa zan faɗi abin da dattijon nan ya yi mana.

Ƙungiyarmu tana da wata tsohuwar mota 'yar kwatano, wadda muke kai marasa lafiya da masu naƙuda asibiti da ita. A jikin injinta akwai wani siririn bututun ƙarfe da ke tura iska cikin salansa, don ragowar man da bai ƙone ba ya ƙarasa ƙonewa kafin hayaƙi ya fita. Tsatsa ta cinye shi, ya karye. Direbanmu Sabiru ya kai ta wani gareji a Bacirawa, aka naɗe wurin da gwangwanin madara, aka ɗaure da waya. Aka ce masa, "Wannan tarkacen Turawa ne, ba ya aikin komai." Minti goma aka sallame shi, mu kuma muka yaba da saurin aiki.

Daga nan mata suka fara sauka daga motar da ciwon kai da jiri da amai. Me muka yi? Muka ce ai motar ta ɗauki gawa sau biyu, ta kwaso abin da ta kwaso. Aka yi mata hayaƙin turare, aka yayyafa mata rubutu. Kuma kowa ya san al'adarmu: ba a barin sanyi ya taɓa mai jego da jaririnta. In za a dawo da su gida sai a rufe gilasai ruf, a toshe kafofi da zane. Wata biyar muna haka.

Wata ranar kasuwa Baba Dogo ya tare motar a gaban rumfarsa, ya zura hannu ya kashe ta, ya jefa makullin a aljihu. Aka aiko mini, na taho a fusace, don ƙanwata Luba cikinta ya tsufa, haihuwa yau ko gobe.

Na ce, "Baba, wa ya ba ka wannan iko? In naƙuda ta tashi, a kan kekenka za ka kai ta?"

Ya ce, "Malam, ara mini hularka."

Fara ce ƙal. Ya tayar da injin, ya durƙusa ya riƙe hular a ƙarƙashin sitiyari, daidai wata kafa da wayoyi ke bi su shigo. Ba a jima ba ya miƙo mini ita, ta yi baƙi kamar gindin tukunya.

Ya ce, "Ga aljanin naku nan. Shi matanku suke shaƙa. Kwana uku nake so. In naƙuda ta zo, a ɗauki hayar wata motar. Wannan dai ba za ta motsa ba."

Ko da na ga hular ban rusuna ba. Na ce masa tsofaffin bakanikai sun iya mayar da ƙaramin aiki babba. A gaban mutane na faɗa, kuma aka yi dariya. Ya juya ya ɗauko kananzir.

Mai shayin da ke kusa da shi ya ga yadda aikin ya gudana, shi ya ba ni labari. Notocin sun kama da tsatsa, wanda duk ya matsa musu sai su karye a jikin inji. Yini guda da rabi yana ɗiga musu kananzir yana ƙwanƙwasa su a hankali, har suka saki. Ya ciro bututun, ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya sa sabon guntu, ya haɗa da waldar tagulla. Akwai wani ɗan bawul da ke barin iska ta shiga, ya hana hayaƙi dawowa. Ya sa baki ya hura shi gaba da baya, ya ga ya mutu, ya hau mota har Kano ya nemo wani. Ya liƙe kafar wayoyin da roba. Da ya gama ya shafa ruwan sabulu a kan waldar, ya tayar da inji, ya kira mai shayin ya duba masa ko kumfa na tashi, don shi idonsa ya fara gazawa. Mu kuwa a kwanakin nan muna majalisa muna cewa Dogo ya riƙe motar jama'a don taurin kai.

Kai ne, Baba, wanda aka zaga a bakin rumfarsa, ya juya ya ci gaba da ɗiga kananzir. Kai ne ka san aikin kowane ƙarfe a jikin inji, ka ƙi yarda a ce da wani tarkace. Dogo, mai ji kafin a faɗa. Mun ce kana da nawa, alhali gaggawarmu ce take neman kashe mu.

Kwana biyu da dawo mana da motar Luba ta haihu. Aka dawo da su a cikinta, gilasai a rufe kamar kullum. Jaririyar ta yi ta tsala kuka tun daga ƙofar asibiti har gida, Sabiru yana ta ƙorafin ta cika masa kunne.

Ranar suna ana ba da labarin kukan ana dariya a tsakar gida. Asama'u maƙwabciyarmu ba ta yi dariya ba. Wata uku kafin nan, a wannan motar aka dawo da ita da ɗanta, kuma bai kai suna ba. Ta tare ni a zaure.

Ta ce, "Malam, da gaske hayaƙi ne yake shigowa?"

Na ce da gaske ne.

Ta ce, "Nawa bai yi kuka ba. Barci ya yi ta yi. Har muna cewa yaro mai haƙuri."

Rai na Allah ne, shi ne masanin abin da ya ɗauki yaron, ba zan yanke hukunci ba. Amma na san abin da muka rufe su da shi a cikin motar, kuma na san wanda ya hana a maimaita.

Mun gode, Baba Dogo. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar ido, ya sa aikin nan ya tsaya maka ranar gobe. Ka yafe mini abin da na faɗa. Ku kuma masu gareji daga Ungogo har Makoda, in ba ku san aikin wani ƙarfe ba ku ce ba ku sani ba, ku tambayi wanda ya sani. Dattijon yana gida, kunnensa garau, ƙofarsa a buɗe. Ku je ku koya tun yana raye, domin a kujerar bayan motar da kuke sallama cikin minti goma akwai wanda ba zai iya cewa kansa na ciwo ba.