Huɗar Tsofaffin Sojoji a Manga

Birnin Kebbi

Ana idar da sallar asuba Baba ya buga mini ƙofa da sandarsa, wai in fito kada mota ta cika ta bar mu. Ni kuwa ko ɗankwali ban ɗaura ba. Mahaifina Kofur Umaru tsohon soja ne, ya yi yaƙin basasa yana saurayi. Yanzu ga hawan jini ga ciwon gwiwa, amma har gobe in ya ce a tashi, to tashi kawai ake yi.

Ga abin da ya tashe mu. A wajen tantance 'yan fansho Baba ya gamu da Saje Bawa, mutumin Zuru, wanda rabonsu da juna tun suna cikin kaki. Shi ya gaya masa cewa duk farkon damina tsofaffin rundunarsu sukan taru a wata gona a Manga, kowa ya huɗa kunya guda da sunan wani abokinsu da bai dawo ba. Wanda ya saba huɗa ta wani abokinsu Ishaya ya rasu, bana babu mai yi. Baba ya ce shi zai yi. Jama'a, ɗan tela ne fa, jikan tela, ko kuɓewa bai taɓa shukawa ba! Likita kuma ya hana shi ɗaga ko bokiti. Inna ta yi faɗa ta gaji, ta ɗura mini magungunansa a jaka ta ce, "Hadiza, ki dawo mini da shi da ƙafarsa."

Jega zuwa Koko

A tasha Baba ya kama kujerar gaba, ni aka cusa ni baya tsakanin wata mai kaji da buhun albasa. Mun tsaya Jega karin kumallo, na saya masa masa da miya na ce banda yaji. Ina juya baya ya miƙa wa mai masar kwanon ta zabga masa. Na yi magana ya ce wai ni ce Inna ta biyu.

Gaban Jega kaɗan muka tarar da shingen sojoji. Wani soja ya leƙo ta taga, Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai, gyara hularka, ta karkace." Direba ya dafe kai yana salati a hankali. Sojan ya tambayi ko shi wane ne, Baba ya faɗi muƙaminsa da lambarsa tiryan-tiryan. Sai ga mutum ya gyara hula, ya ƙame ya sara masa. Daga nan har Koko Baba bai bar kowa ya huta ba da labarin yadda ake fareti a zamaninsu.

Hanyar Mahuta

Da muka karya kwana muka ɗauki hanyar Mahuta sai na ce, "Baba, wai wane ne Ishayan nan da za ka kashe mana kanka dominsa?"

Ya juya sandarsa a hannu. Can ya ce, "Kirista na, amma shi ka riƙe mini bindiga in za ni salla. Munka yi zango bakin wani rafi, anka ce muna babu kowa kusa, har wasu sun ɗora ruwan shayi. Na kabbarta, shi yana tsaye bayana yana mitar in yi sauri. Ina kai goshi ƙasa sunka buɗe muna wuta daga cikin kurmi. Ni da ke ƙasa, ta bisa kaina ta wuce. Shi da ke tsaye..."

Bai ƙarasa ba, ya juya yana kallon taga. Direba ya kashe rediyo. Wallahi na girma a gidan mutumin nan, na yi aure na haihu, ban taɓa jin wannan labari ba. Daga nan na daina ganin tafiyar a matsayin rigimar tsufa. Amma tsorona na nan, don labari ba ya sauke hawan jini.

Ramukan hanya ne suka dawo da mu hayyacinmu. Wani da muka faɗa sai da zakara ya kuɓuce ya hau kafaɗar direba, aka yi ta dariya har Dabai, inda duwatsu suka fara bayyana kore shar.

Zuru

Saje Bawa na jiranmu a tasha, gajere, kakkaura, muryarsa kamar ta mai shela. Suka sara wa juna, suka rungume, nan take suka shiga gardamar wanda ya fi sauran haƙora. A gidansa da ke Rikoto muka sauka. Matarsa, Mama Rifkatu, ta shimfiɗa mana tabarma ta nuna mana gabas tun ba mu tambaya ba, sannan ta kawo tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa da har yau nake tunawa.

Da Baba ya shiga alwala na lallaɓa wajen Saje na ce, "Baba Saje, don Allah ka bari ni in yi masa huɗar. Likita ya hana shi."

Ya girgiza kai. "Ɗiyata, wanda bai sa kaki ba ba ya taɓa garma a gonar nan. Ko ɗana na cikina. Ni ma likita ya hana ni, ai su aikinsu ke nan."

Manga

Washegari da hantsi muka hau babura. Baba, wanda ya ce ya tsallake manyan koguna ana harbi, ya ƙanƙame ɗan acaɓa yana ta "Sannu dai, sannu dai!" har muka isa.

Gonar na gindin dutse, ƙasa a jiƙe don an yi ruwa. Tsofaffi uku ne suka rage, Baba na huɗu, sai iyalai sun yi da'ira. Mama Rifkatu ta raɗa mini cewa su ukun duk 'yan golmo ne, wato noman da samarin Dakarkari ke yi wa surukai a ƙungiya shekara da shekaru kafin a ba su mata. Daga gona suka wuce soja, sun san juna da garma kafin bindiga.

Saje ya tsaya gaba yana kiran sunayen mamatan kamar a fareti, wanda zai huɗa wa mai sunan shi ke amsawa. Da ya ce "Ishaya!" Baba ya buga ƙafa ya ce "Sa!" Wata tsohuwa mai riƙe da ƙwaryar iri ta share ido da gefen zanenta. Ƙanwar Ishaya ce, Saratu.

Aka fara. Kai, ba a magana! Tsofaffin nan da ƙyar suke tafiya, amma suna duƙawa sai ka ga ƙasa na kifewa a jere. Baba kuwa ya riƙe garma kamar almakashi. Mata suka fashe da dariya, Saratu ta ce, "Kofur, juya ƙasa ake yi, ba rijiya muke so ba!" Shi ma ya yi dariya. Kunyarsa ta tafi a karkace, tana neman shiga ta maƙwabcinsa, amma tana tafiya.

A tsakiyar gona ya tsaya. Ya dogara da ƙotar garma, numfashinsa na fita da ƙara, fuskarsa ta yi fari-fari. Dariya ta ɗauke. Na ruga da magani da ruwa na ce, "Baba, ya isa haka, Allah ya ga niyyarka."

Ya ture hannuna. "Ba niyya ta kawo ni ba."

Ya ɗaga garma, ta ƙi ɗaguwa. Ni dai kuka na fara, don na ga ba zai ƙarasa ba kuma ba zai bari ba, ban kuma san da wane baki zan tari Inna ba.

Sai Saje, wanda ya gama tasa, ya yi wa sauran magana da yarensu. Su ukun suka zagaya can ƙarshen kunyar Baba suka fara huɗowa, suna nufo shi.

Baba ya ce, "Saje, tawa ta! Ku bar mini abina!"

Saje bai ko ɗago ba. "A golmo ba a barin mutum a tsakiyar gona, Kofur. Wanda ya gama sai ya taro na baya. Kai dai kar ka zauna."

Bai zauna ba. Ya sha maganin a tsaye. Suka yi ta matsowa, sai da ya rage kamar kamu biyu suka miƙe suka ja baya, suka tsaya suna jiransa. Baba ya tattara abin da ya rage masa, ya kafta, ya huta, ya sake kaftawa, ƙasa ta haɗe. Babu wanda ya yi tafi. Saratu ta hau kan kunyar tana zuba dawa tana dannewa da diddige, da ta zo daidai shi ta ce, "Da kaka ka zo ka ci tuwonta."

Ya ce, "In da rai, Saratu."

Gida

Washegari muka juyo da wuri don kada yamma ta same mu a hanya. Baba ya yi barci tun daga Dabai har Kalgo, ko shingen sojoji bai tashe shi ba. Mun iso lafiya, alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Saje Bawa da Mama Rifkatu da mutanen Manga, waɗanda suka karɓe mu kamar 'yan gida.

Inna ta tare mu a zaure, ta kama hannunsa za ta taimaka masa ya zauna, sai ta ga tafin duk ya yi bororo, wasu sun fashe. Ta yi salati, ta ce in ɗauko man kaɗanya. Baba ya dunƙule hannun ya sa a aljihu.

Ya ce, "Bar mini su su kwana biyu tukuna."