Ta'amin da Na Zaɓa wa Kawu Sani

Ni ne na yi laifi, ba kamfanin ta'amin ba, wato kamfanin inshorar lafiya. Na fara da wannan ne domin tun ranar da muka kai Kawu Sani makwancinsa nake jin 'yan uwa suna zagin kamfani, ni kuwa ina zaune ina gyaɗa kai. Yau zan faɗi gaskiya. Amma ku bar ni in fara tuna muku da mutumin, don in ba ta nan na bi ba, bakina ba zai buɗu ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne, kuma kowa a unguwarmu ta Sa'alaba ya san shi da Sani Mukayyif. Duk ƙarfinsa a gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya ƙare, a wani kamfani. Ya sanyaya gidajen unguwar Sharafiyya ba iyaka, amma nasa mukayyif ɗin yana nan manne a bango, lulluɓe da tsohon zanen matarsa, Inna Hajara. Idan ka ce, "Kawu, a ɗan kunna mana," sai ya dube ka sama da ƙasa.

"Kai ka san abin da yake ci? Ni na buɗe cikinsa na gani!"

Sai ya miƙo maka mafici. Wani baƙo daga Kano da ya zo umara ya taɓa sauka a gidan, zufa ta jiƙa masa riga sharkaf. Ya yi ta duban bango, ya yi ta gyaran murya. Kawu ya ce, "Alhaji, daure, horo nake ba ka. Gobe a Safa da Marwa za ka gode mini."

Ga kuma maganarsa ta kullum. Kome ka kawo masa, shawara ce ko labari, zai saurare ka har ka gama, sannan ya ce, "Na ji, halas, shi ke nan. Ban saya ba."

Kun tuna yadin Sallar Inna? Ya ja ni kasuwar Bab Makka wajen wani Bayamale mai sayar da yadi. Suka fara ciniki bayan azahar, aka kira la'asar suna yi. Suka tafi masallaci tare, suka dawo suka ɗora. Da mutumin ya gaji ya ce ya sallama, har ya ɗauko almakashi, sai Kawu ya miƙe yana kakkaɓe riga.

"Madalla. Yanzu na san kuɗinsa. Sai na dawo."

Bayamalen ya ɗaga hannu sama ya ce, "Ya Hajji, don Allah kada ka dawo!"

To amma akwai abu biyu da Kawu ba ya yi musu ƙoro: takalmi da magani. Yana da hawan jini, yana da ciwon suga, daga baya zuciya ta shigo. Magungunansa a cikin gwangwanin dabino yake ajiye su, kuma kowanne da sunansa irin na ma'aikatan kamfaninsu. Na hawan jini Mai Gadi, na suga Direba. Ƙaramin nan na zuciya, wanda ya fi kowanne tsada, shi ne Mudir, wato manaja. "Dube shi," in ji Kawu, "ɗan mitsitsi, ba ka ganin aikin da yake yi, amma shi ya fi kowa albashi." Duk wata a kantin magani ɗaya yake karɓa, wajen wani Basudane da muke kira Doktor Usman. Kamfanin da yake wa aiki ne yake biya, da katin ta'amin da suka yi masa.

Da Kawu ya bar aiki, katin kamfani ya mutu. Aka samo masa wani kafilin, wato ɗan ƙasa mai tsaya wa baƙo, irin na suna kawai, wanda kowa ya san sayen ta'amin a wuyanka yake ba a nasa ba, kuma ba a sabunta iƙama, takardar izinin zama, sai da ta'amin. Kawu ya kira ni in saya masa ta waya, don ni ne wai na iya waya. Injiniya yake ce mini, ko da yake ko kwan lantarki ban taɓa canzawa a gabansa ba.

"Injiniya, ga aiki. Kafin ka danna komai, ɗauki gwangwanin nan ka kai wa Doktor. Ka nuna masa su ɗaya bayan ɗaya, ka ce wane kati ne yake ɗaukar waɗannan, musamman Mudir. Wanda ya ce, shi za ka saya, ko nawa ne."

"Kawu, kai ne yau kake cewa ko nawa ne?"

"Ni ne. Rubuta a goshinka, ba za ka sake ji ba. Yalla!"

Ban je ba. Ranar ana zafi, ga shi na ga abin kunya ne gardi kamata ya shiga kanti da gwangwanin dabino. Na zauna a mota na buɗe waya, na yi abin da duk mu samarin unguwa muke yi wa kanmu: na nemi mafi araha, wanda muke kira ta'amin iƙama, wanda ba a sayensa don jinya sai don takarda ta fito. Da aka zo tambayar ko mutum yana da wata cuta, na danna a'a, na danna a'a, har ƙasa, domin kowa ya san in ka ce e farashi tashi yake. Ni a raina har burge Kawu zan yi. Mutumin da ya hana kansa sanyi, na rage masa kashe kuɗi, me ya fi wannan?

Na mayar masa da gwangwani da ragowar kuɗinsa. Ya ce, "Ka ga Doktor?"

Na ce, "Na gan shi. Yana gaishe ka."

Ya dube ni ya ɗan jima. Na jira in ji "ban saya ba." Bai faɗa ba. Ya ce, "To, Allah ya yi albarka."

Watanni suka wuce. Wata Juma'a muna cin abinci a gidansa, na ga ya buɗe gwangwani ya sha biyu ya rufe. Na ce, "Kawu, ina Mudir?"

"Ai ka san manyan mutane. Yau ya zo ofis, gobe bai zo ba."

Muka tuntsire da dariya, ni na fi kowa. Wallahi wannan dariyar har yau tana dawo mini.

Sai da ya faɗi a ƙofar masallaci aka kai shi asibiti, sannan na je wajen Doktor Usman da takardar likita. Ya dubi katin, ya dube ni.

"Kai ne Injiniya?"

Na ce ni ne.

"Wannan katin ba ya aiki a nan. Inda katin yake aiki ma sun ƙi biyan na zuciya, sun ce an shaida musu lafiyarsa ƙalau. Tun watan farko Kawunka ya sani. Da kuɗinsa yake saye, da ya ga ba za su kai shi ba ya koma sha yau, tsallake gobe. Na yi masa faɗa har na gaji. Na ce bari in kira yaron nan, ya ce in na kira ka ya daina shigo mini kanti."

Canza kati kuwa sai shekara ta zagayo. Muka haɗa hannu da 'yan uwa muna saya masa maganin, kowa yana tsine wa kamfani, ni ina taya su. Ban ce ni na kashe Kawu ba, kwanansa ne ya ƙare. Amma watannin da zuciyarsa ta yi tana aiki da rabin magani, ni na jawo su, da yatsana.

Bayan an sallame shi daga asibiti na je gidan sau da dama da niyyar magana, in ɓige da labarin ƙwallo. Wata la'asar Inna ta fita, muka rage mu biyu. Yana kishingiɗe, ya rame, mafici a kan ƙirjinsa. Na durƙusa a bakin katifar, zufa tana zubo mini, ba ta zafin gari kaɗai ba.

Na ce, "Kawu, ban je wajen Doktor ba. Ƙarya na yi maka. Kunyar gwangwanin na ji. Na sayi na araha, na ce ba ka da ciwon komai. Ni ne, ba kamfani ba. Don Allah ka yafe mini."

Ya gyara maficin da ke kan ƙirjinsa. Can ya ce, "Doktor bai taɓa gaishe ni ba a rayuwarsa. Tun a nan na kama ka."

"Me ya sa ba ka faɗa ba, Kawu?"

"In faɗa uwarka ta ji? Ai da har yau tana jan kunnenka." Ya ɗaga yatsa da kyar ya nuna bango. "Na yafe. Tashi ka cire zanen nan ka kunna, kana ɗiga mini a katifa."

Na kunna. Ya tashi da ƙara, ya feso mana ƙurar shekaru, muka yi ta tari muna dariya. Bai daɗe ba bayan wannan ranar.

Shi ya yafe. Saura ke, Inna Hajara, da ke, Umma, da duk wanda na bari ya zagi wani a kan laifina: ni ne, ku yafe mini. Ya Allah, bawanka Sani ya sanyaya wa mutane ɗakunansu, shi ya kwana cikin zafi. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci. Amin.