Marfi Biyu a Bokitin Ruwa

Tun da na yaye 'yata hankalina bai kwanta ba. Duk ranar awo a asibitin unguwarmu a Nyanya sai in ga 'ya'yan mutane ɓul-ɓul, tawa kuwa hannunta kamar sillen kara. Ma'aikaciyar ta ce min ba ciwo ba ne, abinci ne, in dinga ba ta ƙwai da ganye. Na dawo a keke ina ta juya maganar a raina.

Maigidana kafinta ne a Gwarinpa, da asuba yake fita saboda cunkoson hanya. Shi ya roƙi mai gidan da muke haya ya bar min ɗan filin bayan ɗakinmu. Na shuka alayyahu da rama da kuɓewa, na kewaye da tsohon gidan sauro, na sayi kaji biyar. Kashinsu in share in zuba wa shuka, ganyen da na tsince in watsa musu. Akwai wata ja a cikinsu, da ta ji motsin faranti ita ce kan gaba, kuma ƙwanta kullum ya fi na sauran girma.

Da damina ta yi nisa tsutsa ta faɗa wa alayyahun, 'yar koriya mai laɓewa a ƙarƙashin ganye. Na je kasuwa wurin mai maganin feshi. Ya miƙo min ƙaramar kwalba ya ce, "Madam, marfi biyu a bokiti. Sauran bayani yana jiki, ki karanta." Na juya kwalbar a hannuna kamar mai karantawa, na gyaɗa kai. A aji uku na tsaya a firamare. Ga mutane a bayana suna jira, sai na ji nauyin in ce ban iya ba.

Ba ni da injin feshi, da tsintsiya na yayyafa bayan la'asar. Washegari tsutsa duk ta zube, na yi ta hamdala. Na yanko ganye na tsince, na watsa wa kaji karan da wanda ya huhhuje, sauran na ɗauraye sau ɗaya na zuba a faten tsaki.

Na ba yarinya cokali biyu ko uku ke nan na lura bayan ɗaki ya yi tsit. Kaji ba sa shiru da hantsi. Na leƙa. Jar nan tana kwance, yawu na dalala daga bakinta, biyu kuma suna tangaɗi, fukafukai a sake. Abin da ya fara zo min shi ne kada su yi mushe. Na fita tsakar gida da wuƙa ina neman namijin da zai yanka min, ko naman mu samu.

Babu kowa sai maƙwabciyarmu, dattijuwa 'yar Filato da ta daɗe tana koyarwa. Mama muke ce mata, ita kuma kowa "kai" ne a bakinta.

"Kai yarinya, ina za ka da wuƙa? Oga ya yi laifi ne?"

Na nuna mata kajin. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. "Me ka ba su?"

"Ganye ne kawai, Mama."

"Ka sa magani a ganyen? Kawo kwalban."

Ta sa tabarau ta bi ƙananan rubutun da yatsa. Ta ce an rubuta kada mutum ko dabba su ci sai bayan kwanaki masu yawa. Sai idonta ya sauka kan kwanon fate, da bakin 'yata da ya yi dama-dama.

Na rarumo kwalbar manja zan ɗura mata, don haka na ga ana yi a garinmu. Mama ta riƙe hannuna. "Ajiye. Goya shi, mu je asibiti. Ni zan riƙe kwalban maganin."

Ban san yadda muka isa ba. Ma'aikatan asibitin sun duba idon yarinyar, sun saurari ƙirjinta, suka kwantar da ita. Ta yi amai sau ɗaya. Na zauna a bakin gadon ina kallon cikinta yana hawa yana sauka har azahar ta wuce. Da yamma likita ya ce abin da ta ci kaɗan ne, mu tafi, mu dawo in na ga wani canji.

Kaji uku sun mutu. Maigida ya haƙa rami mai zurfi ya binne su tare da faten, kada kare ko wani mai yunwa ya tono. Bai yi min faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi, me ya hana ni nuna masa kwalbar. Har yau in na tuna da wuƙar nan a hannuna, da cewa da na sami mai yanka da dukanmu mun ci, sai in jawo 'yata in rungume ta.

Yanzu da hannu nake tsince tsutsa, in barbaɗa toka. Mama tana zaunar da ni ranar Asabar da tsofaffin littattafan ajinta, ita ce ma ta duba min wannan rubutun.

Kai da ka iya karatu, don Allah, in ka ga mace tana jujjuya kwalbar magani a hannu tana gyaɗa kai, kada ka jira ta tambaya. Karɓi ka karanta mata duka, har ƙananan rubutun da ke ƙasa.