Mai Aski da Ƙunshin Ƙwallo

Yana tsaye a ofishin da ake biyan kuɗin tashoshin talabijin, da farar rigar aiki, guntayen gashin mutane a kafaɗarsa, mataji maƙale a bayan kunne. Ko layi bai bi ba, kuma ba wanda ya yi gigin tanka masa. Ma'aikaciyar tana kallon yatsunsa, dogaye, tsaf-tsaf, suna ƙwanƙwasa mata tebur. Ta san irinsa: ɗan ƙaramin shago, benci ɗaya, talabijin a saman ƙofa, samarin da ke cika wurin kuwa ba aski kaɗai ke kawo su ba.

"Ana tsakiyar wasa hoto ya ɗauke!" in ji shi. "Kowa ya watse, na baro mutum da rabin aski!"

"Yi haƙuri, yayana," ta ce. "Ƙunshin tashoshin ƙwallon guda ɗaya ne, shi ake liƙa wa kowane tsarin biyan kuɗi. Wani a ofishin sama ya cire tasha ɗaya don gyara tsarin otal-otal, sai ta ɓace wa kowa."

"Otal! Na yi miki kama da otal?"

Ita ma zuciyarta tafasa take. Tun safe take shan zagin da ba nata ba, mai ɓarnar kuwa yana can yana shan sanyi.

Mutumin ya zaro matajin, ya nuna sama da shi.

"Ki ce masa ya zo shagona, kyauta zan yi masa. In na kai rabin kai sai in kashe injin, in ce ya yi haƙuri."