Ranar da Na Wanke Zanen Likita

Ni mutum ne mai yawan waswasi. In na yi alwala sai na sake duba bayan dunduniya ko ruwa ya kai. Mai ɗakina kan ce da a bakin gulbi muke zaune da tuni na ƙarar da shi.

Shekarun da na yi ina tsayuwa cikin ruwan fadamar Argungu ina noman shinkafa su suka kumbura mini jijiyoyin ƙafar hagu, suka murɗe kamar igiyar guga. Aka tura ni Birnin Kebbi wurin wani likitan fiɗa da ya ƙware a aikin jijiyoyin jini. Mutum ne gajere mai son raha, wanda kafin ya gama amsa gaisuwa ya riga ya dafa bayan ƙafarka yana neman bugun jini. Ranar Talata kaɗai yake irin aikina, layin kuma ya cika har wata mai zuwa. In na rasa ranata, dashen rani zai same ni a kwance.

Da hantsin Talatar ya tsayar da ni har jijiyoyin suka cika, ya bi su da shuɗiyar tawada tun daga gwiwa har idon sawu. Ya ce aiki sai bayan azahar.

Da aka kira salla na zauna alwala, sai tunani ya zo mini: anya ruwa na ratsa tawadar nan? Na wanke sau uku, zuciyata ba ta kwanta ba. Na ari soso da sabulu wurin maƙwabcin gadona na dirje ƙafar tas har gwiwa.

Likita ya ɗaga zanen rufa, ya daɗe yana kallo.

"Baba, ina taswirata?"

Na faɗa masa gaskiya.

"In ka kwanta jijiyoyin nan ɓacewa sukai. Da mi kake so in gane hanya? Ko kai za ka riƙa nuna mani?"

"Ranka ya daɗe, kar a ɗaga. Iri na jira na."

Ya yi dariya har ya dafa gado. Ya ce tawadar kamar lalle take, launi ne kawai, kuma shi ma a gidan malamai ya tashi. Ya dubi agogo, ya sa aka shigar da wanda ke bayana, ni kuma ya ce in tashi in tsaya. Bayan ya fito ya sake zanen da kansa, ya ce wa mai ɗakina, "Inna, ki riƙe butar nan. Ko ya yi kuka kar ki ba shi."

Ta rungume ta kuwa har aka tura ni ciki.

Na yi dashena a kan lokaci. Sai dai kafin a sallame ni na tambaye shi sau huɗu yadda ake shafa a kan bandeji, ya kuma amsa duka huɗun.