Likita Na Danna Ƙirjin Baba, Baffa Na Neman Motar Makka

A lokacin ina budurwa, haifaffiyar Jidda, ina taya babana ɗinki a shagonsa na unguwar Kurayyat. Ni ce mai Larabcin gidan, don haka duk wata maganar asibiti ko ta iƙama, wato takardar izinin zama, a kaina take ƙarewa. Wata Juma'a da hantsi Baba ya dafe ƙirji, muka garzaya da shi asibiti, muna shiga zuciyarsa ta tsaya.

Likitoci suka yi ta danna masa ƙirji, suka ba shi shokin lantarki, zuciya ta ƙi tashi. Wani likita ya fito da sauri ya ce mini saura dabara ɗaya: akwai na'urar da ke jan jini waje, ta sa masa iska ta mayar, kafin su buɗe jijiyar da ta toshe. Yana son amincewar dangi yanzu-yanzu. Na juya na fassara wa Baffa, yayan Baba, shi kuwa ya ce halas, magana ta ƙare, mutumin da zuciyarsa ta tsaya ya riga ya tafi, a daina wahalar da gawa. A ba mu shi mu kama hanya, ko a samu sallatarsa a Harami, ga Juma'a ga Makka, wane dace ya fi wannan. Wallahi har ya fara kiran mai mota. Ina kuka ina ce masa mutanen nan ba su saki ƙirjinsa ba, yana ce mini yarinya ba ta sa baki a maganar manya. Haka muka yi ta ja, likita na kallon agogo, har takaici ya ishe ni na juya na ce da likitan yalla, a yi.

Baba ya rayu. Amma likita bai ɓoye mini ba, jinkirin ya taɓa ƙwaƙwalwarsa. Maganarsa ta yi nauyi, hannun dama kuma yana rawa. Baffa kuwa har yau in ya zo, sai ya zauna ya ba baƙi labarin yadda ya tsaya tsayin daka a asibiti. Nakan tashi in shige kicin kawai.

Na koyi cewa gaggawar binne mamaci alheri ce, amma sai ya mutu tukuna. 'Yan uwa, muddin likita bai ɗage hannu ba, kar ku riga shi. Kullum da safe Baba kan zauna gaban kekensa, ya miƙo mini allura in zura masa zare.